A Dawo Mana da Irin 'Yar Malam

Zuwa ga Shugaban Shirin Gwajin Ƙwayoyin Saiwa,

Daga Malam Yahuza Tanimu, tsohon malamin firamare, Ƙofar Kuyambana, cikin birnin Zariya.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da dukkan ma'aikatan da ke ƙarƙashinka. Allah ya taya ka riƙo.

Yallaɓai Dakta, ba da son raina na kawo wannan magana shafin jarida ba. Sau huɗu ina zuwa ofishinka, sau huɗu ina komowa ban ga ko hularka ba. Tunda kuwa kai ka fara kai zancenmu gidan rediyo, ina ganin ba laifi in amsa maka a inda jama'a za su gani. Zan faɗi buƙatata tun yanzu, kada tsawon wasiƙa ya binne ta. Akwai tiya biyu na irin gyaɗar gidanmu a ɗakin sanyinku. Iya sanina su kaɗai suka rage a doron ƙasa, kuma muna so a ba mu su kafin shukar bana ta wuce.

Na farko, bari in tuna maka gyaɗar da nake magana a kai, don na san takardu sun yi maka yawa. Sunanta 'Yar Malam. Ja ce, ƙwayarta ƙarama, tana nuna da wuri, kuma mai gare ta kamar me. Kakanmu ya zo da ita, mahaifinmu ya riƙe, sannan ta dawo hannun wana, Yaya Mu'azu, wanda yanzu ya haura saba'in. Malamin zaure ne, yana karantar da magidanta bayan asuba, in hantsi ya yi ya saɓa fartanya ya fita gonarsa da ke bayan ganuwa. Shekarar da cuta ta nannaɗe gyaɗar Arewa har manoma suka yi ta zubar da hawaye, 'Yar Malam ta sha wuya amma ba ta mutu ba. Gidaje goma sha ɗaya ke nomanta a unguwarmu, duk kuwa daga hannun Yaya suka samu.

Muna da wata al'ada, ita ce kuma ka yi wa dariya a rediyo, don haka dole in bayyana ta. Duk shekara in ruwa ya sauka, gidajen nan goma sha ɗaya kowa yakan ɓare irinsa ya kawo gidanmu. A juye shi gaba ɗaya cikin manyan masakai. Yaya ya rubuta addu'a a allo, ya wanke, a yayyafa wa irin, a juya da hannu. Daga nan a hau da shi saman soro a baza a tabarma, rana ta ɗan taɓa shi ya bushe, da la'asar kowa ya auni nasa ya tafi. Haka muka taso muka tarar. A gidanmu duk abin da ya jiƙa soro ake kai shi, ko kuɓewa ce ko barkono ko allon da aka wanke.

Na biyu. Bara waccan mutanenka suka zo, kai ma ka zo da kanka sau biyu. Lokacin takin zamani ya zama sai wane da wane, mutum ya yini a layi ya koma gida hannu rabbana. Kuka zauna da mu a zaurenmu kuka ce kun zo da abin da zai rage mana wannan wahala. Kuka ce akwai wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, suna zaune a saiwar bagaruwa da farar ƙaya da wasu tsirrai na can arewa mai nisa, bakin hamada, inda ruwan sama sai an yi roƙo. Kuka ce kun tono su, kun raine su a ɗakin bincike, kun zuba su cikin wani baƙin gari. In aka shafa garin a jikin iri, ƙwayoyin za su shiga saiwar gyaɗa su zauna, su riƙa jawo mata abinci daga iska. Abin da kuka fi nanatawa, har ka buga hannu a gwiwa kana faɗa, shi ne waɗannan ba irin na ƙasashen sanyi ba ne, 'yan ƙasar rana ne, sun saba da zafi da fari. Ina roƙonka ka riƙe wannan maganar, don za mu dawo kanta.

Yaya ya ba ku kusurwar gonarsa kuka yi gwaji. Ma'aikatanka ne suka haɗa irin can wajenku, suka zo da shi da sassafe a bokiti rufe, suka shuka. Ba wanda a cikinmu ya ga yadda aka haɗa shi, ba kuma wanda ya tambayi dalilin rufe bokitin. Gaskiya ɗaya ce, ba zan ɓoye ta don ina fushi ba: abin ya yi kyau. Gani ya kori ji. Kusurwar nan ta yi kore shar, harawarta ta fi ta sauran gonar. Kai da kanka ka tuge gindi ɗaya, ka nuna mana ƙananan ƙululai a jikin saiwa, ka fasa ɗaya da farce, cikinsa ja-ja, ka ce alamar suna aiki ke nan. Har yau na yarda da wannan ilimi. Da a ce ƙarya kuka kawo mana da zuciyata ba ta yi zafi haka ba.

Ranar ce kuma ka yaba 'Yar Malam, ka ce ba ka taɓa ganin irinta ba, ka roƙi a ba ka kaɗan ka ajiye a ɗakin sanyi don bincike, in muna buƙata mu zo mu karɓa. Da kaka Yaya ya auna maka tiya biyu, ya cika su har suna zuba. Bai ce ka rubuta masa komai ba. Mu a cikin birni in dattijo ya yi magana a zaure, an gama.

Na uku, daminar bara. Kuka ce za a faɗaɗa gwaji, ana son duk gidajen su shiga. Yaya ya ce a fara da rabi. Ni na hana shi. Ni ne ɗan bokon gidan, shekara talatin da ɗaya ina riƙe da alli, ni nake karanta wa unguwa takardar asibiti da ta haraji. Na bi gida-gida ina lallashi, na tsaya a ƙofar masallaci na yi bayani har da zana saiwa a ƙasa da tsinke. Suka yarda saboda ni.

Ranar haɗa iri jami'inka, Malam Sabo, ya iso da hantsi a akori-kura. Ya sauke mana baƙin garin a ƙulle cikin ƙananan ledoji, irin waɗanda ake ƙulla gishiri, ba rubutu ba komai. Ya ce buhu ɗaya aka ba shi, ƙauyuka shida zai raba wa, shi ya sa ya kasa shi haka. Abu uku ya gaya mana, ina tsaye, kuma na rubuta su a bayan ambulan: a jiƙa irin da ruwan ƙaro don garin ya manne, kada a sa maganin iri domin yana kashe ƙwayoyin, kada kuma a zuba takin zamani don a ga aikinsu zalla. Yaya ya tambaye shi ko ruwan rubutun allon da muke yayyafawa zai ɓata wani abu. Malam Sabo ya yi dariya ya ce, "Haba Baba, tawadarku ai da ƙaro ake yin ta, zuba abinka." Ya taya mu juya masaki ɗaya, ya duba agogo, ya ce direba na jira, ya tafi. Ba na riƙe shi da mugun nufi. Mota ɗaya, mutum ɗaya, ƙauyuka shida, ko ni ne haka zan yi sauri.

Bayan tafiyarsa muka dubi irin. Ya yi baƙi ƙirin, ya jiƙa sharkaf, yana danƙo, ba kamar yayyafin da muka saba ba. Yaya ya ɗebo da hannu ya duba, ya juyo ya ce mini, "Yahuza, a hau da shi soro, ko kuwa wannan ba ya son rana?" Ka ji tambayar tsohon da ka kira mai camfi. Shi ya yi tambayar da ta dace. Ni kuwa na buɗe bakin nan nawa na ce, abin da ya fito daga saiwar bagaruwar bakin hamada, ranar Zariya me za ta yi masa? Mutanen da ke zaure suka yi dariya, suka ce Malam Yahuza ya yi gaskiya. Aka hau da shi.

Ƙaro ba ya saurin bushewa. Irin ya kwanta a soro tun kafin azahar har bayan la'asar, baƙi, yana shan rana. Da aka sauko da shi ya dunƙule guri ɗaya, dole aka sa hannu aka murje. Jar fatar gyaɗar ta yi ta saluɓewa, ƙwayoyi da yawa suka rabe biyu. Amma na ce wa kaina masu ilimi sun san abin da suke yi. Washegari gidaje goma sha ɗaya suka shuka.

Na huɗu, abin da ya biyo baya. Kwana goma muna zuwa gona muna dubawa. Nan gindi ɗaya, sai ka yi taku biyar kafin ka ga wani. Da aka tona, wani ya ruɓe, wani gara ta cinye, tunda ba fata ba magani. Yaya ya ɗauko ɗan abin da ya saba ɓoyewa a tulu don cike gurbi. Da yake ba wanda ya san musabbabin abin, muka haɗa shi da ragowar garin, muka sake hawa soro da shi. Na aika wa Malam Sabo saƙo sau biyu, aka ce motar ta lalace. Irin da ya fito ɗin ma ya tashi rawaya-rawaya ba taki, na tuge na duba saiwa, ƙululan 'yan kaɗan ne, cikinsu fari. Sai ruwa ya ɗauke da wuri, wanda aka shuka daga baya bai kai ga yin ƙwaya ba. Abin da aka tara da kaka kwanso ne da 'yan ƙanjamammun ƙwayoyi. Da rani Yaya ya zaɓi mafi kyau cikinsu, cikin tafin hannu, ya shuka a kasko yana ba su ruwa safe da yamma. Biyu suka tsiro, su ma ba su yi mako ba.

Goggo Ladi, gwauruwar da ke bayan gidanmu, da man 'Yar Malam da ƙuli-ƙulinta take ciyar da kanta shekara da shekaru. Ta tare ni a lungu, ba ta ɗaga murya ba, ta ce, "Malam, ni dai ban san boko ba, kai na sani." Matasan unguwa kuwa sun raɗa mini suna, Dakta Ƙwaya. In na wuce majalisa sai in ji wani yana tambayar ɗan'uwansa ko yau akwai shanya. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Na biyar, kuma nan ne raina ya ɓaci ɓacin da har yau bai gyaru ba. Bayan kaka na je wajenku neman bayani. Ina zaune a benci bakin sito ina jiran a ce in shiga, sai idona ya faɗa kan buhun da garin ya zo a ciki, an yar da shi a gefe. A jikinsa ga rubutun Turanci da manyan baƙaƙe, cewa a ajiye a inuwa, a busar da iri a inuwa, a shuka a ranar. Har da hoton rana an ja mata layi, saboda wanda bai iya karatu ba. Yallaɓai, na koyar da Turanci shekara talatin da ɗaya. Da buhun nan ya shigo zaurenmu, ko da yagaggen gefensa ne, da numfashi ɗaya zan karanta shi. Ashe ƙwayoyin suna jure zafi ne in suna ƙarƙashin ƙasa, a cikin saiwa, amma in rana ta haske su a fili mutuwa suke yi. Kun san haka tun farko, shi ya sa kuka zo da bokiti a rufe. Kun zauna a zaurenmu kun sha furarmu, kun kwashe awa biyu kuna yabon juriyarsu, amma ba wanda ya iya ƙara mana wannan 'yar kalmar: inuwa.

Na ɗauki nawa laifin, na faɗe shi a sama ban rage ba. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wanda zai shigo da sabon abu gidan mutane, ai kamata ya yi ya fara tambayar yadda suke yi da irinsu. Da kun tambaya sau ɗaya, ko mace ɗaya a gidan nan za ta gaya muku cewa soro ake kai shi.

Na shida, maganar rediyo. Cikin azumin da ya wuce muna zaune a zaure da yamma aka sako shirin manoma, sai ga muryarka. Aka tambaye ka dalilin da gwajin ya yi kyau a wasu wurare amma ya lalace a cikin birni. Ka ce matsalar ita ce wasu mutane ba sa rabuwa da camfi, an ba su kimiyya sun haɗa ta da rubutun allo, wani dattijo a wata ƙofa ya ɓata aikin shekara guda. Ba ka ambaci suna ba, na yarda. Amma wanda ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake, 'yan kasuwar ma sun sani. Dattijo nawa ne a ƙofofin Zariya da kuka yi gwaji a gonarsa? Mutum takwas ne a zauren ranar, duk ɗalibansa, wasu da furfura. Ba wanda ya ɗaga kai. Yaya ya miƙa hannu ya kashe rediyon, ya ce a ci gaba da karatu.

Ba rubutu ne ya kashe ƙwayoyinku ba, kai ma ka sani, in ba ka sani ba tambayi Malam Sabo. Rana ce ta kashe su, ni na ce a kai su ranar, ku kuma kuka bar ni cikin duhu. Mutum ɗaya da ya yi shakka a duk wannan lamari shi ka ɗora wa laifin. Abin da ya fi ci mini rai, har yau Yaya bai taɓa ce mini ga abin da ka jawo ba. Da ya zage ni da na samu sauƙi. Sau ɗaya na fara ba shi haƙuri, ya katse ni ya ce, "Bari, Yahuza, kai ma ba a gaya maka ba."

Na bakwai, zirga-zirgar da na yi. Zuwan farko aka ce ka tafi taro. Na biyu aka ce mai makullin ɗakin sanyi ya je jana'iza. Na uku aka ce in rubuto takardar neman izini, na rubuta, na biya aka buga mini ita da tafireta, na kai da hannuna. Na huɗu, makon jiya, wani ma'aikaci mai fara'a ya buɗe fayil ya nuna mini cewa gyaɗarmu yanzu an ba ta lamba, ta zama kayan bincike, ba ta fita sai kwamiti ya zauna. Na tambayi ranar zaman kwamitin, ya ce sai an samu kuɗin zama. Ya kuma tambaye ni ko ina da shaidar cewa tamu ce. A wannan zuwan ne na lura ginin ba wuta, maigadi ya ce kwana uku ke nan, injin ma ba mai. Ni ba masani ba ne, na riga na nuna wa duniya haka, amma na san irin gyaɗa ba ya daɗewa da rai in zafi ya same shi. Wannan iri ya kusa shekara biyu a hannunku. In ya wuce bana bai shiga ƙasa ba, ban san abin da za ku buɗe ku tarar baɗi ba.

Saboda haka ga roƙona, Yallaɓai.

A ba mu irinmu cikin makon nan. In ƙa'ida ta hana a ba mu duka, a ba mu tiya ɗaya ku riƙe ɗaya, mu kuma da kaka, in Allah ya so, mu mayar muku da sabo ninki biyu. Ba kwamiti ne ya zo zaurenmu ya karɓa ba, kai ne, don haka sa hannunka ya isa.

Ka koma gidan rediyon nan, a cikin shirin nan, ka faɗi abin da ya faru yadda ya faru. In kana buƙatar sunan wanda za ka ɗora wa laifi, ga nawa a saman takardar nan, na yafe maka, ka ambace shi. Amma ka wanke tsohon nan.

Sannan duk ledar da za ta sake fita daga sitonku, a manna mata takarda da Hausa, boko da ajami, a ce a busar a inuwa. Kada ku daina aikin saboda mu. Abu ne mai kyau, talaka na buƙatarsa, akwai kuma soraye da yawa a ƙasar nan ban da namu.

Ina roƙon Allah ya ƙara maka ilimi mai amfani, ya ba ka ikon sauke nauyin da ke kanka, ya kare ka daga ranar da za ka yi wa ɗan'uwanka ɓarna da kyakkyawar niyya. Ban yi maka wannan addu'a da gatse ba, na san ɗacin abin ne.

Ruwa ya sauka sau biyu, ƙasa ta jiƙu, maƙwabta sun sayo irin kasuwa sun shuka. Na sayo wa Yaya shi ma, ya yi godiya, ya ce a ba Goggo Ladi. Shekaranjiya ya fita da fartanya ya yi huɗar gefe ɗaya na gonar, daidai abin da tiya biyu za su cika, ya bar wurin ba shuka. Duk wanda ya wuce ya tambaye shi, sai ya ce Dakta ya ce in muna buƙata mu zo mu karɓa, kuma Yahuza na kan zuwa. Ban gaya masa maganar lamba da kwamiti ba, na kasa. Kullum in na shigo gida hannuna yake fara kallo kafin fuskata.

Na bar ka da Allah, na bar ka da wannan. Wassalamu alaikum.

Naka cikin girmamawa,
Malam Yahuza Tanimu,
Ƙofar Kuyambana, Zariya.